Mako uku tsakani: abin da ke juya yatsan mai zaɓe

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 mutanen Zamfara suka fita zaɓen shugaban ƙasa, suka ba Bola Tinubu na APC ƙuri'a 298,396, Atiku Abubakar na PDP kuma 193,978. Bayan mako uku cif, ranar 18 ga Maris, suka koma rumfunan nan dai suka kayar da gwamnan APC mai ci, Bello Matawalle, suka ɗora Dauda Lawal na PDP. A maƙwabciyarsu Katsina sai abin ya juye. Atiku ne ya ci jihar da ratar da ba ta kai 7,000 ba, a jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, amma da aka zo zaɓen gwamna Dikko Raɗɗa na APC ya ba ɗan takarar PDP tazarar sama da 370,000. Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Yobe da Gombe duk haka aka yi: lema a zaɓen shugaban ƙasa, tsintsiya a na gwamna. A Legas Peter Obi ya kayar da Tinubu a gidansa, sannan APC ta riƙe kujerar gwamna.

A cikin kwana 21 babu wanda ya sauya addini, babu wanda ya sauya ƙabila, talaucin da ake ciki kuma yana nan inda yake. Saboda haka bayanan nan guda biyu da aka fi ji a majalisar hira, cewa talaka ƙabila da addini yake bi, ko kuwa taliya ce ke jan sa, ba su isa su warware wannan ba. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, sai dai mai zaɓe lissafi yake yi, lissafin kuma yana sauyawa da kujerar da ake nema, da wanda ya kawo masa ɗan takarar, da kuma ko ya yarda ƙuri'ar tasa za ta isa inda aka nufa.

Masana zamantakewa sun daɗe suna bin wannan tambaya. A 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu zaɓe wata da watanni a wata gunduma ta jihar Ohayo a Amurka, suka gano yawancinsu sun yanke shawara tun kafin kamfe ya yi zafi, kuma mutum yakan zaɓi abin da gidansu da wurin ibadarsa da abokan aikinsa suka zaɓa. Waɗanda suka biyo baya a Jami'ar Michigan suka ce ai jam'iyya gadonta ake yi tun yarinta. A 1957 Anthony Downs ya ɗauko ma'aunin 'yan kasuwa, ya ce mai zaɓe yana auna riba da asara ne, har da asarar fitowa zaɓen kanta. Ra'ayoyin nan uku duk ana ganin su a rumfa ɗaya a Najeriya, wani lokaci ma a zuciyar mutum ɗaya.

A fara da na "namu". Wanda ya ce addini da yanki ba sa aiki bai kalli taswirar 2011 ba, inda Muhammadu Buhari ya ci jihohi 12 dukkansu a Arewa, Goodluck Jonathan ya kwashe kusan duk sauran, rikicin da ya biyo baya kuma ya ci rayuka sama da 800 a ƙididdigar Human Rights Watch. A 2023 Obi ya samu fiye da kashi 85 cikin 100 na ƙuri'un Kudu maso Gabas. Amma a ajiye wannan gefe guda a tuna 12 ga Yunin 1993, lokacin da Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar Tofa. A 2023 ma Arewa maso Yamma ta ba Tinubu wajen miliyan 2.65, fiye da miliyan 2.28 da yankinsa na Kudu maso Yamma ya ba shi, alhali akwai 'yan Arewa biyu manya a takardar.

Abin da ke faruwa shi ne, "namu" gajeriyar hanya ce ga wanda ba shi da cikakken bayani a kan ɗan takara. Mutum bai san manufofinsa ba, ba shi da hanyar gwada alkawarinsa, sai ya tambayi kansa: in ya hau, ta wace ƙofa zan iya isa gare shi? Girman filin takarar ne kuma ke yanke wane "namu" ne zai yi aiki. A zaɓen shugaban ƙasa Arewa da Kudu ne, Musulmi da Kirista. A zaɓen gwamnan Katsina ko Jigawa, inda manyan 'yan takara duk Musulmi ne masu jin Hausa, wannan ma'aunin ba ya raba komai, sai a koma shiyya da masarauta: Daura ko Funtuwa, Haɗeja ko Gumel ko Kazaure. A zaɓen kansila kuwa sai ya zama unguwa da zuri'a da masallacin da mutum ke salla. Wani bincike da Daniel Posner ya yi a kan ƙabilun Chewa da Tumbuka ya nuna haka ƙarara: a Malawi, inda kowaccensu ke da yawan da za a kafa siyasa a kanta, abokan hamayya ne, a Zambiya, inda su duka ƙanana ne, tafiyarsu ɗaya. Al'ada iri ɗaya, iyaka ce kawai ta ratsa tsakani.

Tsarin mulki ma ya sa wa siyasar "namu" linzami. Sashe na 134 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 daga 36, da Abuja. Babu yankin da ke da jihohi 24. Dole ɗan takara ya nemi abokin tafiya a ƙetaren kogi, daga nan ne karɓa-karɓa da daidaita tikiti suka samo asali. Wannan ƙa'ida ce ta haifi rigimar "sha biyu da biyu bisa uku" a 1979, lokacin jihohi 19 ne: Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, a ta goma sha uku, wato Kano, ya tsaya ɗan ƙasa da kashi 20, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar.

Kano ta hana Shagari kashi 25 ne saboda abin da mutanen Michigan suka bayyana, wato gado. Tun kafuwar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950 aka samu gidajen da siyasar Malam Aminu Kano ta zame musu kamar sunan zuri'a. Yaro yana tashi yana jin labarin wanda 'yan doka suka ɗaure saboda ya ƙi cire takalmi, ko wanda aka kai gaban alƙali don ya halarci lacca. Haka zamantakewa ke ƙera ra'ayi tun kafin a kai shekara 18. Da PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano a lokacin, ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, sai gadon ya samu abin nunawa. Sai dai kuma nan take jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, a 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi da ya koma NPP.

A Jamhuriya ta Huɗu wannan biyayya ta tashi daga kan jam'iyya ta koma kan mutum. Buhari ya samu sama da ƙuri'a miliyan 12 a 2003 a ANPP, ya sake samun sama da miliyan 12 a 2011 a CPC, jam'iyyar da ba ta daɗe da kafuwa ba. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, jar hula tana biye da shi. A 2023 ya samu 1,496,687, daga ciki 997,279 a Kano kaɗai, wato kashi biyu bisa uku. Wannan yana da wahalarsa a aikace. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara ko sunansa, alamar jam'iyya ce da gajeren sunanta, kuma jam'iyyu 18 ne a takardar shugaban ƙasa ta 2023. Duk lokacin da jagora ya sauya sheƙa sai an bi ƙauye-ƙauye ana koya wa tsofaffi sabuwar alama: a bar lema, a nemi kwandon kayan marmari.

Farin jinin jagora kuma ba kullum yake yaɗuwa zuwa ƙasa ba. A 2003 guguwar Buhari ta ɗauki Malam Ibrahim Shekarau ta kai shi gidan gwamnatin Kano. A 2011 Buhari ya cinye Kano amma Kwankwaso na PDP ya ci gwamna, CPC ta tashi da gwamna ɗaya tak, na Nasarawa. A 2015 "sak", wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ta yi aiki, mutane da dama da ba a san su ba suka tsinci kansu a majalisa. A 2023 aka dawo zaɓen wake da shinkafa.

Katsina ce ta fi nuna inda gizo ke saƙar. Ƙuri'un PDP kusan ba su motsa ba: wajen 489,000 a Fabrairu, wajen 486,000 a Maris. Na APC ne suka tashi daga wajen 482,000 zuwa sama da 850,000. Ke nan ba wai jama'a sun tsallaka daga wannan jam'iyya zuwa waccan ba ne. Dubban ɗaruruwan da suka zauna a gida ranar zaɓen shugaban ƙasa ne suka fito, ko aka fito da su, ranar na gwamna. Masu fito da su kuwa sanannu ne. Kowace jam'iyya mai ƙarfi tana da shugaba a kowace mazaɓa daga cikin 8,809, da mutanenta a kowane akwati: ejan, shugabar mata, shugaban matasa, da wani dattijo da ake jin maganarsa. Waɗannan sun san gidan da ke da mata huɗu masu kati, sun san wanda ya yi fushi don an tsallake shi a rabon taki. Abincinsu kuma a hannun gwamna yake, shi ke naɗa kwamishina da mai ba da shawara, shi ke da ta cewa a kan wanda zai zama ciyaman da kansila. Abuja ta yi musu nisa. Don haka ƙwazon da suke sawa a zaɓen gwamna ba su sa shi a na shugaban ƙasa, wani lokaci ma da gangan, abin da ake kira zagon ƙasa.

A saman waɗannan akwai masu ƙera ra'ayi. Malamin da ya ce a mumbari "a duba wanda zai kare mana addini" bai ambaci suna ba, amma kowa ya gane hannunka mai sanda. Sojojin baka na gidajen rediyon Kano kowane dare suna sassaƙa wa ɗan takara kamanni, na yabo ko na zambo, har sunan da suka laƙaba masa ya fi nasa na yanka tafiya. Mawaƙan siyasa suna yin nasu. WhatsApp da TikTok sun ƙara gudu ne kawai: muryar minti biyu da aka yanko daga tsohon jawabi tana zaga jiha kafin a yi sallar isha'i, gyaran da zai biyo baya kuma ba ya kai rabin inda ta kai.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi yadda ake ɗaukarta sassa. Iri uku ne. Na farko shi ne sayen yatsa kai tsaye. Mace ta karɓi takarda, ta shiga wurin sirri ta dangwala, kafin ta kai akwati sai ta ɗan karkata takardar yadda wani da ke tsaye a gefe zai hango. Shi kuma ya gyaɗa kai ko ya taɓa hula, wani yaro ya miƙa mata ɗan guntun kati, ta zaga bayan layi ta shiga wani zaure inda ake biya. INEC ta yi ƙoƙarin toshe wannan ta hanyar matso da akwati kusa da wurin dangwalawa, da hana shiga da waya tun daga zaɓen gwamnan Osun na 2018, amma a rumfar da ke ƙarƙashin bishiya, jama'a sun kewaye ta ko'ina, sirri sai dai a takarda. Na biyu ya fi yawa kuma ya fi arha: ba a sayen ra'ayin kowa, naka ne kake biya wa kuɗin mota da na abinci don ya bar kasuwa ko gona ya fito. Na uku shi ne biyan mutanen abokin hamayya su zauna a gida, ko karɓe katunansu da sunan za a yi musu rajistar tallafi. Na'urar BVAS, da ke duba yatsa ko fuska, ta sa ba a iya zaɓe da katin wani, amma katin da ke aljihun ɗan siyasa ya riga ya rage ƙuri'a ɗaya.

Lissafin yana da ban tsoro in aka yi shi. Masu rajista 93,469,008 ne a 2023, rumfuna 176,846, wato kusan mutum 530 a kowace rumfa. Waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, kusan 140 ke nan a rumfa. A rumfar da mutum 140 suka fito, wanda ya juya 30 ya sauya sakamako. Da 400 ne suka fito, sai ya nemi ninkin haka sau uku. Ƙarancin fitowa shi ke karya farashin zaɓe. Duk da haka kuɗin ba sa aiki yadda mai su yake so. Daga hannun ɗan takara zuwa kodinetan ƙaramar hukuma, zuwa na mazaɓa, zuwa na akwati, kowa sai ya ɗebi nasa, abin da zai isa zaure bai kai yadda ya taso ba. Idan kuma ɓangarori biyu suna rabo a rumfa ɗaya, sai a karɓi na kowa a zaɓi wanda aka yi niyya. "A ci kuɗinsu a zaɓi cancanta" ba kirari ba ne kawai. Sauyin fasalin naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya busar da takardun kuɗi daidai lokacin zaɓe, sai aka karkata zuwa taliya da atamfa da sabulu da tura kuɗi ta waya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun ga mai bayarwa da mai karɓa, ta kuma ƙayyade kashe kuɗin kamfe: biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata. Kowa ya san iyakar nan ba ta taɓa hana kowa barci ba.

Amma a ganina kuɗin ranar zaɓe ƙaramin abu ne in aka gwada da na shekara huɗu. Wanda ya zo jana'izar mahaifinka, ya biya kuɗin tiyatar matarka, ya aiko da buhun gero da azumi, ya samar wa ƙaninka takardar ɗaukar aiki, ba ya bukatar tsayar da kowa a gefen akwati ya leƙa takardarka. Kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke gabansa. Shi ya sa kalmomin da ake auna ɗan siyasa da su ba na manufa ba ne: "mutum ne", "hannunsa a buɗe yake", ko kuwa "ba ya ɗaga waya", "ya shiga Abuja ya ɗage gilas". Kafin a ce wannan jahilci ne, a tuna cewa inda asibitin gwamnati ba magani, ɗan majalisar da ke ɗaga waya shi ne inshorar lafiyar mutum. A zaɓen shugaban ƙasar Benin na 2001 Leonard Wantchekon ya shawo kan 'yan takara suka gwada saƙo iri biyu a ƙauyuka daban-daban, wani na alkawarin abin da za a kawo wa garin, wani na manufofin ƙasa baki ɗaya. Na farko ne ya fi jawo ƙuri'a.

Illar wannan tana bayyana a majalisa. Aikin sanata da ɗan majalisar wakilai a tsarin mulki shi ne yin doka, amincewa da kasafi, da sa ido a kan ɓangaren zartarwa. Haƙa rijiyar burtsatse aikin zartarwa ne. Amma da rijiyar da kekunan ɗinki ake auna shi a gida, shi ya sa ayyukan mazaɓu suka zame wa 'yan majalisa abin da ba sa wasa da shi a kowane kasafi, shi ya sa kuma wanda ya iya aikin kwamiti amma ba ya rabo yake faɗuwa tun a zaɓen fid da gwani. Kowane zango fiye da rabin majalisar wakilai sababbin fuska ne.

Aikin da aka gani a ƙasa yana da nasa tasiri, musamman ta fuskar hukunci. A 2015 Boko Haram na riƙe da ƙananan hukumomi, 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 ba a dawo da su ba, aka ɗage zaɓe da mako shida, sannan a karon farko shugaban ƙasa mai ci ya faɗi: Buhari 15,424,921, Jonathan 12,853,162. A 2023 gwamnoni bakwai masu ci suka nemi kujerar sanata suka sha ƙasa a rumfa, ciki har da Atiku Bagudu na Kebbi, Samuel Ortom na Binuwai da Darius Ishaku na Taraba, duk da baitulmalin jiha da ke hannunsu. Faɗuwar Matawalle ma ba a raba ta da halin tsaron da Zamfara ke ciki. Inda hukuncin ke kuskure shi ne wajen gane mai laifi. A tsarin tarayya 'yan sanda da soja na gwamnatin tarayya ne, firamare da ƙananan asibitoci na jiha da ƙaramar hukuma ne, farashin fetur da darajar naira na Abuja ne. Mai zaɓe yakan huce a kan wanda hannunsa ya kai gare shi, 'yan siyasa kuma sun ƙware wajen tura laifi sama ko ƙasa.

Ƙa'idar ƙirga ƙuri'a ita ma tana shiga lissafin mutum ba tare da ya lura ba. A Najeriya, ko da yake akwai tanadin zagaye na biyu, ba a taɓa kaiwa gare shi a zaɓen shugaban ƙasa ba, don haka mutum yakan ce "ina son wane, amma ba zan zubar da ƙuri'ata ba". A Nijar, lokacin mulkin farar hula, sai an wuce rabi ake cin zaɓe, sai mutum ya zaɓi na zuciyarsa a zagayen farko, a yi cinikin ƙawance kafin na biyu. Haka aka yi a 1993: Tandja Mamadou ne kan gaba a zagayen farko, sauran jam'iyyu suka haɗu bayan Mahamane Ousmane ya ci na biyu. Tinubu ya ci da 8,794,726, ƙasa da kashi 37 cikin 100, yayin da Atiku da Obi da Kwankwaso, waɗanda su ukun duk a PDP suke a 2019, suka tara sama da miliyan 14.5 a tsakaninsu. Ba za a ce da sun haɗu duk ƙuri'un nan za su zo wuri ɗaya ba, don da yawa daga masu bin Obi ba za su bi Atiku ba, haka ma jar hula. Amma ƙa'idar ce ta mai da rabuwarsu asara.

Kafin ma a kai nan an riga an tace wa mai zaɓe abin da zai zaɓa. Tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, sai jam'iyya ta tsayar da kai. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a 2022 naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Daga nan, a lokacin, sai 'yar tinƙe, ko daliget, ko maslaha wadda sau da yawa ɗauki-ɗora ce da aka sa wa riga. Kuskure a wannan mataki yana iya cinye zaɓen gaba ɗaya. A 2019 APC ta lashe kusan komai a Zamfara, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta duk na banza ne, aka miƙa wa PDP gwamna da 'yan majalisa. Ta wannan ƙofar Matawalle ya shigo tun farko.

Mafi girman zaɓin da 'yan Najeriya ke yi dai shi ne zama a gida. Fitowar masu zaɓe ta kai kusan kashi 54 a 2011, ta sauko kusan 44 a 2015, kusan 35 a 2019, kusan 27 a 2023. Ana bukatar taka-tsantsan da waɗannan alƙaluma: kafin na'urar tantance kati ta 2015 cusa ƙuri'a ya kumbura lissafi, rajistar kuma har yanzu tana ɗauke da matattu da waɗanda suka ƙaura. Ko da an cire wannan, gibin babba ne. Wanda ya zama shugaban ƙasa a 2023 bai samu ƙuri'ar mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ba. A nan ma'aunin Downs ya fi fitowa fili. Mutum sai a rumfar da ya yi rajista zai yi zaɓe, an hana zirga-zirga ranar, don haka ɗan ci-rani da ke Legas da katin Gumel sai ya bar sana'arsa ya yi tafiyar kwana biyu. A ƙa'ida ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 a rufe layi 2:30, amma kayan aiki sukan makara, mai sayar da ƙosai ko ɗan acaɓa ya yi asarar cinikin yini. Ga fargabar 'yan daba a wasu unguwanni. A ɗaya hannun ma'aunin kuwa akwai tambayar ko ƙuri'ar za ta yi aiki. Wanda ya ga Kano a 2019, inda Abba Kabir Yusuf ke gaba da kimanin 26,000 aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ciki har da na mazaɓar Gama, Abdullahi Ganduje ya ci da ƙasa da 9,000, ko wanda ya jira sakamakon shugaban ƙasa a IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamako, daren 25 ga Fabrairun 2023 bai gani ba, yana da abin da zai faɗa wa kansa gobe. Yarda da cewa ƙuri'a za ta yi aiki ita masana ke kira halaccin mulki, kuma rashinta ne ya sa "a kasa, a tsare, a raka" ta samu kasuwa: a tsaya har a ƙirga, ejan ya sa hannu a fom ɗin sakamako, EC8A, ya karɓi kwafinsa, a manna sakamako a bango, a bi shi zuwa wurin tattarawa na mazaɓa, inda aka fi yi wa alƙaluma kwaskwarima.

Akwai kuma waɗanda suka fito, suka sha rana, ƙuri'arsu ta mutu a hannunsu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 lalatattun ƙuri'u 939,278 ne, sun fi abin da Tinubu ya samu a Legas da Ekiti a haɗe. Dalilan ƙanana ne. Yatsa ya hau layin da ya raba jam'iyyu biyu. Tawada ta yi yawa, aka ninke takardar sama da ƙasa tun ba ta bushe ba, ta buga a gidan wata jam'iyya, ta zama dangwale biyu. Shi ya sa ake cewa a ɗan jira ta sha iska, a naɗe ta a tsaye ta gefe. Wani ya dangwala wa jam'iyyu biyu don ya karɓi kuɗin duka biyun yana son sauke nauyi. Wani laifin ma ba na mai zaɓe ba ne. Malamin zaɓe ya kamata ya buga hatimi a bayan kowace takarda, ya sa hannu da kwanan wata kafin ya miƙa. A Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamnan Kano ta cire wa Abba ƙuri'a 165,663 a kan rashin wannan hatimi da sa hannu, alhali tazarar da ya ci da ita 128,897 ce. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire shi, sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Wata huɗu jiha guda tana jiran hukunci a kan abin da mai zaɓe zai iya dubawa cikin daƙiƙa biyu, in ya juya bayan takardar kafin ya bar teburin malamin zaɓe.